Wane Alƙali Ya Yanke Musu Hukunci Na Biyu?

Wata ranar kasuwa, a cikin motar da ta ɗebo mu daga wajen Babankatami, Allah ya haɗa ni zama da wata dattijuwa wadda ta rungume kwano ɗaure da tsumma a kan cinyarta, tana kare shi daga kowace girgiza kamar mai riƙe da jinjiri. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, ina aka nufa da wannan kaya?" Ta ce, "Ɗana, jikata za ni ganowa, tana can wajen gwamnati." Bakinta bai iya furta kalmar kaso ba. Cikin kwanon akwai dawo, da garin kunu, da ƙullin kanwa, da ɗan yaji. Yarinyar ta haihu a tsare, ranar nan kwana goma sha biyu ke nan. Ban tambaye ta laifin da ake tuhumar jikar da shi ba, ita ma ba ta faɗa ba, domin ba shi ke hana ta barci ba. Abin da ke cin ranta shi ne kwana bakwai sun zo sun wuce ba a raɗa wa jinjiri suna ba, mai jego ba ta samu wanda zai dafa mata ruwan wanka ba, daga gidan miji kuwa babu wanda ya taka ƙafarsa. Kaji biyu ta sayar kafin ta haɗa kuɗin mota.

Tambaya guda nake so mahukuntan ƙasar nan su amsa. Kundin hukunta laifuka na 1961, wanda aka ɗinka bisa ƙirar na Faransa, ya san ɗauri, ya san tara. To a wace aya aka rubuta cewa macen da aka tsare za ta rasa harshenta, da danginta, da aurenta, da sunan ɗanta, da hanyar komawa garinsu? Babu alƙalin da ya taɓa furta wannan hukunci a zauren kotu. Amma shi ne ake zartarwa kan matan ƙauye a gidajen kasonmu. Ba shi da wa'adi, ba a ɗaukaka ƙara a kansa, kuma ranar da aka buɗe ƙofa aka ce "tafi, kin gama", ranar ce yake fara aiki sosai.

Dalilin da ya sa ba a maganar matan nan shi ne ƙarancinsu. Cikin fursuna ɗari a Nijar, mata ba su kai biyar ba. A kason ƙaramin gari irin na Buza, ko Keita, ko Madawa, ana iya ƙirga su da yatsu. Saboda haka sai a yanke musu wani lungu cikin gidan da aka gina domin maza, aka tsara domin maza, ake tsaronsa da ƙa'idar bariki. Tun daga zamanin gardi-sarki har zuwa rundunar gardi ta yau, masu kaki ne ke riƙe da makulli, mutanen da aka horar domin tsaron ƙasa, ba domin sanin abin da mai ciki wata takwas ke bukata ba. Kalmar kanta ta tona asirin gidan: kaso daga Faransanci ta shigo bakinmu, tare da kumandan da dokar ƴan ƙasa ta ba shi ikon kulle mutum har kwana goma sha biyar ba tare da shari'a ba, kafin a soke ta a 1946. Ba na cewa kakanninmu ba su san gidan yari ba, ko kuwa gidan yarin sarakuna aljanna ne. Ina cewa ne gidan da muke kulle ƴaƴanmu mata a yau ba mu muka zana shi ba, kuma shekara sittin da ɗoriya bayan ƴancin kai ba mu zauna mun tambayi kanmu ko ya dace da mu ba.

Takardu kam ba mu rasa su ba. A 1999, bayan da fursunoni 29 suka mutu saboda rashin iska cikin wani ƙuntataccen ɗaki na gidan kason Yamai, aka sa hannu kan ƙuduri mai lamba 99-368 da ke tsara gidajen kaso. Ranar 31 ga Maris 2017 aka kafa dokar manyan ƙa'idojin tsare mutane, da wata dokar da ta ba alƙali damar sanya mai ƙaramin laifi aikin amfanin jama'a a maimakon ɗauri. Tun 2011 akwai hukumar ANAJJ da aka kafa domin talaka ya samu mai tsaya masa a kotu. Duk da haka fiye da rabin waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, kuma kusan duk lauyoyinmu a Yamai suke zaune. Shekaru da dama kotunan ɗaukaka ƙara biyu kacal muke da su, ta Yamai da ta Damagaram, mai babban laifi kuwa sai ya jira zaman da ba ya zuwa sai jefi-jefi. Wannan jira ya isa ya cinye auren mace, ya yaye ɗanta, ya shafe sunanta daga bakin ƴan garinsu, alhali doka tana kallonta a matsayin wadda ba a tabbatar wa laifi ba.

A wasu ƙasashe an riga an kai ga wannan gaɓa. A Kanada, bayan da mata ƴan asalin ƙasar suka yi ta kashe kansu cikin kurkukun mata na Kingston, wani kwamiti da su kansu matan suke ciki ya ba da rahoto a 1990. Daga nan aka buɗe gidan Okimaw Ohci a 1995, a kan ƙasar al'ummar Nekaneet cikin lardin Saskacawan. A can dattawan al'umma ke zama da matan, ana addu'a da bukukuwa irin na gida, uwa tana iya zama da ɗanta, shugabar gidan kuwa ana kiranta Kikawinaw, wato "uwarmu" a harshen Kiri. A watan Disamba 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Ƙa'idojin Bankok guda 70 game da mata fursunoni. Ta 4 ta nemi a tsare mace kusa da gidansu. Ta 54 ta nemi a tsara abin da za a yi wa mata bisa addininsu da al'adunsu, tare da shawarar su kansu. Ta 64 ta fifita hukuncin da ba na ɗauri ba ga mai ciki da mai goyo. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990, wadda Nijar ta shiga, ta yi wannan magana a sashe na 30 tun kafin Bankok.

Na san abin da wani ma'aikaci zai ce, domin tare muka yi lakkwal, tare muka haddace amsar. Zai ce wannan matsalar Kanada ce, inda baƙi suka zo suka mamaye ƴan ƙasa, mu nan kuwa Ba'adara da Bagobira da Bafillatana da Buzuwa duk ƴan gida ne. Haka ne. Amma ya je ya tsaya bayan wata mata ta ƙauyen Buza ranar da aka kawo ta gaban jandarmomi. Ko da an yi mata tambaya da Hausa, da Faransanci ake rubuta amsarta. A miƙo mata takardar da ba ta iya karantawa ba, ta dangwala yatsa, kuma wannan takarda ce za ta bi ta har gaban alƙali. In Tamajak take ji ko Fulatanci, maganarta sai ta ratsa baki biyu kafin ta kai alƙalami. Yarinyar da aka rena da kunya, wadda ba ta iya ambatar sunan mijinta ko na ɗan farinta, ita ake so ta bayyana wa maza baƙi yadda aka yi ta samu ciki. Ta yi shiru, a rubuta cewa ta ƙi ba da haɗin kai. Ita ƴar gida ce, shari'ar ce baƙuwa. A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa. Madalla. Muna jiran ranar da wannan ɗaukaka za ta sauko daga takarda ta shiga ɗakin mai binciken shari'a.

To mene ne lafiyar rai a wurin macen Adar? Ku tambayi iyayenku mata, ba sai kun ɗauko ƙwararre a jirgi ba. Ita ce in ta haihu ta samu ungozoma da tsohuwa, ta yi wankan jego kwana arba'in, ta sha kunun kanwa, ranar bakwai a raɗa suna a yi addu'a. Ita ce in uwarta ta rasu labari ya iske ta daga bakin ɗan uwa, a zauna da ita a karɓi gaisuwa, ba ta ji a bakin mai gadi bayan wata biyu ba. In mijinta ya mutu tana ciki, ta san yadda za ta yi takabarta ta wata huɗu da kwana goma. In ya aiko mata da saki, kamar yadda yakan faru, ta samu malamar da za ta faɗa mata haƙƙinta kan idda da ciyar da ƴaƴa da kayan ɗakinta. Ita ce hannunta ya kasance cikin aiki, bakinta cikin hira da ƙawa, sunanta cikin littafin biki da na adashi, domin macen da aka daina kai wa gudummawa, aka daina karɓar tata, ta mutu a idon gari ko tana numfashi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar miliyoyi. Tukunya ce da itace, da izinin shiga ga tsohuwa guda da malama guda, da ranar ziyara da ta dace da ranar kasuwa, lokacin da motoci ke tasowa daga ƙauye.

Kuma kada wani ya kalli matan wannan yanki da idon tausayi irin na mai ba da sadaka. Da aka fara aikin raya karkara na Keita a 1984, da taimakon Italiya da hukumar FAO, maza sun tafi bida Najeriya da Kodibuwa, mata ne suka fi yawa a filin aiki. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su bisa tsaunuka, suka dasa itatuwa inda ake cewa ƙasa ta mutu. A kwarin Majiya, nan gundumar Buza, layukan dogon yaron da aka fara dasawa a 1975 sun nuna wa duniya yadda ake tare iska. Asusun Mata Masu Dubara da aka fara a Maraɗi a 1991 ya samo tushe daga adashin iyayenmu, yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da dama na duniya. Tabarmar kaba ta Madawa ta ci kasuwa har ƙetare. Matan da suka iya farfaɗo da fako, aka ce sai an turo musu wani daga Yamai da allo da alli ya koya musu "dogaro da kai"!

Na ga irin tarukan da ake yi da sunansu. A kama ɗaki a otal, a rataya ƙyalle mai rubutun Faransanci, a raba kuɗin zama, a ɗauki hoto, a watse. In an tuna da su kansu matan, a kai keken ɗinki biyu da buhun sabulu ranar 8 ga Maris, keke ya lalace bayan wata uku, ya zama wurin shanya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma gardin da nake nufi a nan ba na bakin ƙofar kaso ba ne, mu ne masu kwat da jakar takardu.

Amma akwai rami a gaba, kuma wajibi ne a nuna shi kafin masu son kalmar "al'ada" su tafa mini. Al'adar wa? A nan jihar Tawa, a 1996, aka sayar da Hadijatu Mani tana da shekara 12 a kan jaka 240, ta zama wahaya a gidan wani mai hali. Ta yi shekara tara cikin bauta. A 2005 ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce ita matarsa ce bisa al'ada. Kotun farko ta Ƙonni ta ce babu aure, tun da babu sadaki, babu ɗaurin aure, babu yardarta. Kotun da ke sama da ita ta juya hukuncin, da hujjar al'ada. Da Hadijatu ta auri wanda take so, sai a 2007 aka yanke mata wata shida a kaso bisa laifin aure kan aure, ta yi wata biyu a ciki. Sai da ƙungiyar Timidria ta tsaya mata har gaban kotun CEDEAO, wadda ranar 27 ga Oktoba 2008 ta sami ƙasar Nijar da laifin rashin kare ta daga bauta, ta ce a biya ta miliyan 10. Ku lura da kyau: dokar Nasara ce ta kulle ƙofa, amma al'ada ce ta miƙa makulli. Kuma tun da Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairu 2025, wadda za ta samu kanta a irin wannan hali ba ta da ƙofar wannan kotu. Ta gida dole ta zama mai buɗuwa.

Haka batun kisan jinjiri, wanda ke cikin manyan tuhume-tuhumen da ke kai mata kaso a ƙasar nan. Ba na wanke wadda ta kashe rai, rai rai ne. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa cikin mata ɗari, 76 an aurar da su kafin shekara 18, 28 kafin shekara 15. A aurar da yarinya, miji ya tafi cin rani ya shekara biyu ko uku ba aike ba saƙo. Ciki ya bayyana. Ta san abin da ke jiranta a bakin rijiya da gidan biki, ta san uban zai ce ta ɓata masa suna, ta haihu ita kaɗai cikin dare a bayan gari. Ita tana kaso. Wanda ya yi cikin yana majalisa yana shan shayi, wataƙila ma yana cikin masu tsine mata. Duk wani shiri da zai ɗauko waɗanda suka kore ta ya ce su ne za su "gyara mata tarbiyya" da sunan al'ada, gyaran gangar Auzinawa ne.

Saboda haka al'adar da nake kira a shigar gidan kaso ita ce ta cikin gida, wadda mata ke riƙe da ita tsakaninsu, ta ungozoma da uwar ɗaki da malama da shugabar asusu. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Sarakunan gargajiya suna da nasu aiki, kuma babba ne: doka ta ba su ikon sasanta rikicin al'ada da na ma'amala, maganarsu kuwa tana iya buɗe wa wadda aka sako ƙofar gidan ubanta. Sai dai a tambayi matar da kanta wa take so ya shigo wurinta, kuma ina take so ta koma. Wadda ta ce ba ta komawa gidan da ta fito, kada a ɗaure ta da igiyar sulhu a mayar da ita.

Kanada ma tana da darasi na biyu, wanda masu tallar shirinta ba su cika faɗa ba. Shekara 27 bayan buɗe Okimaw Ohci, a 2022, mai binciken gidajen kurkukun ƙasar ya sanar da cewa rabin matan da ke kurkukun tarayya ƴan asalin ƙasa ne, alhali al'ummarsu ba ta wuce kamar biyar cikin ɗari na jama'a ba. An ƙawata ɗaki, ba a toshe hanyar da ke kwararo da mata cikinsa ba. Mu da ba mu da arzikin Kanada, mu fara da abin da ya fi araha: kada a kulle wadda ba dole. Wadda ta yi faɗa da kishiya, wadda bashi ya ci, mai ciki da mai goyo da ke jiran shari'a, me zai hana a damƙa su ga amintaccen gida ko ga ƙungiyar matan garinsu har ranar zama? Ma'aikatar shari'a ta buga mana, kotu bayan kotu, yawan matan da dokar aikin amfanin jama'a ta 2017 ta hana shiga kaso, da yawan waɗanda ke tsare da jarirai, da tsawon jiran kowacce. Alƙaluma ne da magatakarda ke iya haɗawa cikin yini guda.

Ku kuma ƴan kasuwa, na san da yawanku kuna aika buhunan gero da sukari gidan kaso cikin azumi, Allah ya saka. Amma wata goma sha ɗaya da suka rage fa? Mai sayen tabarmi a kasuwar Madawa yana iya kai kaba ya karɓi saƙa, ya biya farashin kasuwa, a ajiye wa matar kuɗinta cikin asusu har ranar fita, ta koma gari da jari a hannu maimakon ƙullin tsumma. Mai shago yana iya tsaya wa maƙwabciyarsa a ba da ita beli. Liman da wanzami da rago guda sun isa a raɗa wa jinjirin da aka haifa a tsare suna ranar bakwai, magajin gari kuma ya ba shi takardar haihuwa wadda ba ta ɗauke da tabon wurin da uwarsa ta durƙusa. Shugabannin tasha suna iya keɓe kujera guda ranar kasuwa domin mai zuwa ziyara daga ƙauye, kamar yadda suke ɗaukar almajiri kyauta ba wanda ya ce sun yi asara.

Dattijuwar nan ta riga ni sauka. Kafin ta ɗora kwanon a ka, ta tambayi yaron mota ko akwai mai komawa wajen Babankatami kafin magariba, domin ba ta da gidan kwana a garin, kuma kuɗin kaza ta biyu na komawa ne.